Addad ya nuna kilomita 92,000, amma sitiyarin ya sha hannu: in sayi motar?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. A Makka nake zaune, shekara uku ke nan ina tara kuɗin mota saboda kai yara makaranta. Na samu Camry 2016 a wani ma'arad, wato wurin sayar da motoci, a Jidda, addad ɗinta (agogon da ke ƙirga tafiyar mota) kilomita 92,000, har na ba da kafin alƙalami riyal 1,000. Abin da ya hana ni barci shi ne sitiyarin ya yi sulɓi kamar an shafa masa mai, kujerar direba kuma ta lotsa. Dillalin ya rantse mini addad na lantarki ba ya taɓuwa, ya kai ni sana'iyya, unguwar makanikai, aka jona kwamfuta, ta ce babu matsala. Yaya zan gane ko an mayar da shi baya? In na saya kuma daga baya asiri ya tonu, akwai hukumar da za ta ƙwato mini haƙƙina?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka cika kuɗin nan tukuna. Hannunka da ya taɓa sitiyarin ya fi takardar kwamfutar nan gaya maka gaskiya.

Maganar "na lantarki ba ya taɓuwa" ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na ji ta, kuma daga bakin wanda an riga an cuta. Na lantarkin ma ya fi saurin taɓuwa. Tsohon addad mai juyawa sai an kwance shi an murza lambobin da hannu, sau da yawa su fito a karkace, wata ta ɗara wata. Na yanzu kuwa adadin yana ajiye ne a wani ɗan guntun ma'aji da bai kai farcen yatsa ba, a bayan allon dashbod. Mai na'ura zai jona ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ko ya ciro allon, ya goge 340,000 ya rubuta 92,000, kafin shayinka ya huce ya mayar da komai mazauninsa. Wani ma ba ya wahalar da kansa, tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, zai je ya sayo allon wata motar da ta yi hatsari tun tana sabuwa ya ɗaura.

Ita kuma kwamfutar da aka jona maka, me aka tambaye ta? An tambaye ta ko injin ko giya suna da ƙorafi a yanzu, ta ce babu. Ƙorafin ma ana share shi da danna maɓalli ɗaya kafin ka iso. In ta nuna maka kilomita, a motoci da yawa abin da allon ya gaya mata ne take maimaitawa. Akwai motocin da ke ɓoye adadin a kwamfutar injin ko ta giya ko ta birki, ƙwararre zai iya shiga ya kwatanta, amma wannan aiki ne daban, kuma ba a shagon da dillali ya zaɓa ake yin sa ba. Yana ba ni takaici in ga yaro ya sayi na'ura jiya, yau ya buga takarda mai tambari, magidanci ya ɗora tarin shekara uku a kanta. Ba kuɗi kaɗai ke cikin hatsari ba. Wanda ya yarda motarsa tana 92,000 zai jinkirta canjin man giya, famfon ruwa da kayan ƙafa, alhali lokacinsu ya wuce tuntuni. Ranar da za su ba shi kunya kuwa sai yana tsakiyar hanyar Madina da iyali cikin zafin Agusta.

Ka yi lissafi da kanka. Makka zuwa Jidda kusan kilomita 80 ne. Mai zuwa aiki ya dawo kwana biyar a mako yana cin wajen 40,000 a shekara, balle ɗan kabu-kabu. Camry kuwa ita ce dokin wannan hanya.

Ga abin yi. Karɓi lambar shasi ka ciro rahoton Mojaz na kamfanin Elm da wayarka, kada ka karɓi wanda aka turo maka a hoto. Yana nuna karatun addad da aka rubuta a baya, da yawan waɗanda suka mallake ta, da hatsarin da aka yi rajista. In ka ga wata shekara 210,000, ta gaba 80,000, magana ta ƙare. Nemi tsofaffin takardun fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ka kuma je wakala, wato wakilin kamfanin Toyota, da lambar shasin a duba tarihin gyaranta. Sannan ka durƙusa ka duba da idonka: robar birki da totur, ko sun cinye ko kuwa sababbi ne fil a tsohuwar mota, don shi ma abin tambaya ne; 'yar takardar juyen baƙin mai da ake mannawa a jikin ƙofa ko gilashi, wadda macuta ke yawan mantawa da ita; kusoshin allon dashbod, ko akwai sawun sukudireba. Na taɓa ciro irin wannan takarda a akwatin gaban wata mota mai nuna 110,000, an rubuta juye na gaba a 295,000. Mai motar zama ya yi a ƙasa.

Batun doka, ka bar jita-jitar zaure cewa baƙo ba ya kai ƙara. Mayar da addad baya algus ne a ƙarƙashin dokar yaƙi da algus a kasuwanci ta shekarar 1429 Hijira, wato 2008, hukuncinta kuma yana kaiwa ɗaurin shekara 3, ko tarar riyal miliyan 1, ko duka biyun, har da shelanta sunan mai laifi. Tunda a ma'arad ne, Ma'aikatar Kasuwanci za ka kira a 1900, ko ka shigar da ƙorafi ta manhajar Balagh Tijari. In da hannun mutum ɗaya ka saya, hanyar kotu ce ta dandalin Najiz na Ma'aikatar Shari'a, kuma can hujja ake tambaya, rantsuwar dillali ba ta shiga fayil.

Don haka ka ɗauki hoton tallar da ta addad ɗin yau, ka adana saƙonninku, ka sa a rubuta 92,000 ɓaro-ɓaro a takardar ciniki tare da sharaɗin mayar da mota in ya zama ƙarya. Idan dillalin ya fara kame-kame a kan wannan layi ɗaya, nemi riyal 1,000 ɗinka. Ko ya hana, ka bar masa motarsa.