Ɗana yana da naƙasun IRAK4, maganin ƙara garkuwa zai gyara shi?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce. Ɗana mai shekara biyu ya yi sanƙarau sau biyu, jikinsa bai yi zafi sosai ba, CRP, gwajin jinin da ke nuna kumburi a jiki, ma bai hau ba. Gwaji ya nuna naƙasun IRAK4. Dangi sun matsa in saya masa maganin ƙara garkuwar jiki. Me ya lalace, kuma maganin zai taimaka?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Makarɓan saƙon da ke jikinsa, wato furotin ɗin da ke kan ƙwayoyin halitta masu gano shigowar cuta, lafiyarsu ƙalau, abin da ke bayansu ne ya yanke: IRAK4, furotin da ke isar da saƙon zuwa ciki.

Ɗauki TLR4, ɗaya daga cikin makarɓan nan. A waje yana da gaɓa lanƙwasasshiya kamar lauje, sai sili ɗaya da ya ratsa fatar ƙwayar halitta, sai gaɓar TIR a ciki. Furotin MD-2 da ke manne da shi yana da aljihu. Gubar LPS ta bakteriya tana da jelar kitse shida: biyar su shige aljihun, ta shida ta rage a waje ta jawo TLR4 na biyu. Haɗuwar nan ce ke kusanto da TIR biyu a ciki, wani furotin mai suna MyD88 ya zauna a kansu, a gina hasumiyar furotin mai isar da saƙon: MyD88 shida, IRAK4 huɗu, IRAK2 huɗu. Idan babu IRAK4, ginin a hawan farko yake tsayawa. Makarɓin IL-1, sinadarin da ke tayar da zazzaɓi, ma ta wannan hanya yake bi, shi ya sa zazzaɓi da IL-6 (sinadarin da ke sa CRP ya hau) da CRP suke zuwa a makare ko da rauni. TLR3 kuwa, makarɓin da ke gano bairos, ta wani furotin daban mai suna TRIF yake bi, don haka irin waɗannan yara sukan jure yawancin cututtukan bairos.

Sai batun dangi, wanda kullum sai an kawo mana shi. Masu tallar nan sun mayar da garkuwa kamar ruwa a randa, wai ta ragu, a ƙara. Ina randar? Saƙon garkuwa al'amarin siffa ne da tazara. LPS mai jela huɗu yana shigewa aljihun MD-2 na ɗan Adam gaba ɗaya, babu abin da ya rage a waje, sai ya toshe makarɓin maimakon ya kunna shi. A cire wa LPS na asali wani ɓangare ɗaya mai suna fosfet kuma, a samu MPL, mai taɓa makarɓin a hankali, har ana sa shi cikin rigakafi irin Cervarix na kansar bakin mahaifa. To wane garin magani ne zai shiga ƙwayar halitta ya ɗora furotin da gadon iyaye bai bayar ba? Da ma ace yana kunnawar da gaske, ai abin tsoro ne. A 2006 a Landan an gwada wani maganin kunna garkuwa mai suna TGN1412 kan mutum shida masu lafiya. Maganin yana kama CD28, makarɓin da ke kan ƙwayoyin garkuwa na T, ta gefe, ya jera makarɓan birjik, ƙwayoyin T suka tashi ba tare da wata cuta ba. Duka shidan sai da aka kai su sashen kulawa ta musamman, gaɓoɓinsu na neman tsayawa. Wannan ita ce garkuwar da aka "ƙara". Na kasuwa kuwa yawanci ba ya kunna komai, illarsa ita ce uwa ta saki jiki.

Sakin jikin nan shi nake ji wa ɗanki. Abokan gabarsa bakteriya ne: nimokokus mai kawo sanƙarau da ciwon huhu, sai Staphylococcus aureus da Pseudomonas. Yana buƙatar antibayotik na kariya kullum, cikakken rigakafin nimokokus da bakteriyar Hib da sanƙarau, kuma likitansa zai duba ƙarin immunoglobulin, wato furotin ɗin kariya da ake tacewa daga jinin masu bayarwa. Haɗarin ya fi tsanani a ƙuruciya, yana raguwa idan an girma.

Ki riƙa yawo da takardar da ta bayyana ciwonsa. Duk ranar da ya yi lakwas, ya ƙi abinci, ko gaɓa ta kumbura, a tafi asibiti nan take, ko da ma'aunin zafi ya nuna 37, wato babu zazzaɓi. A ɗebi jini, a fara antibayotik ta jijiya, kada a jira CRP.