Ku Tambaya, Mu Amsa: Sallama da Asibiti Bayan Aikin Sa Kai a Ƙasar Waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Tudun Wada, Kaduna. Yanzu ina Gambiya a ƙarƙashin TAC, shirin gwamnatin Najeriya na tura ƙwararru aikin sa kai a ƙasashen waje, ina aiki a ɗakin yara na wani asibitin gwamnati, kuma saura wata guda wa'adina ya cika. Iyayen yara sun saba da ni, wasu na neman lambar wayata, wata uwa ma ta roƙe ni in ɗauki nauyin karatun ɗanta. Ga kuma ragowar magunguna da kayan aiki a hannuna. Ta yaya zan yi bankwana ba tare da na bar baya da ƙura ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka da alheri, ya dawo mana da ke lafiya. Tun 1987 Najeriya ke tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik a wannan shiri, na shekara biyu biyu, kuma ba lallai ne a aiko da madadinki ranar da kika tashi ba. Don haka ki miƙa aikin ga 'yan ƙasar da za su zauna, kada ki jira wanda zai zo daga gida.

Ki fara tun yanzu. A mako biyu na ƙarshe ki koma gefe, ki bar ma'aikaciyar da za ta gaje ki ta riƙa sa allura da wanke ciwo kina kallo. A nan ne za ki gano abin da ke kanki kawai, babu shi a takarda. Kowane yaro ki rubuta masa nauyinsa na baya-bayan nan da ranar da aka auna, maganin da yake sha da lokacin da aka ba shi na ƙarshe, maganin da jikinsa ba ya karɓa, da ranar dawowa. Nauyin nan kada ki raina shi, domin da shi ake lissafin maganin yara: farasitamol, misali, miligiram 15 ne ga kowane kilo. Yaron da ya rame a kwance, aka ci gaba da ba shi na tsohon nauyi, an zarce masa ƙa'ida.

Inda aka fi samun matsala shi ne masu jinya mai tsawo. Maganin tarin fuka yawanci wata 6 ne, wata 2 na farko da magani huɗu, sauran wata 4 da biyu. Uwar da ta ɗauka maganin naki ne, ran da ta zo ba ta gan ki ba sai ta daina zuwa, tarin ya dawo, wataƙila har ya daina jin magani. Haka masu sikila da masu tamowa. Takarda ba ta magance wannan. Ki kama hannun uwar ki kai ta gaban wadda za ta ci gaba, ki faɗi sunanta, a yi bayani da yaren da uwar ke ji, sannan ki sa ta maimaita ranar dawowa da bakinta.

Magunguna masu ƙarfi irin su mofin da fetidin, ku ƙirga su tare da sista mai kula da ɗakin, ku sa hannu ku biyu a littafin, ki mayar da makulli a gaban shaida. Ko ƙwaya ɗaya kada ta shiga jakarki. Jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a filin jirgin Abuja ba za su saurari labarin aikin sa kai ba. Sauran magungunan ki kai ɗakin magani da jerin sunayensu da ranar lalacewarsu, kada ki raba wa iyaye da hannunki. Na'urar gwajin suga kuwa, kafin ki bar musu ita, ki fara tambaya ko ana samun tsinkenta na gwaji a garin, in babu, kwana kaɗan za ta zama kayan ado a durowa.

Maganar lamba, mu dai ba mu goyon bayan ki raba ta ga iyaye. Yaro zai fara jijjiga da tsakar dare, uwa ta tsaya kiran Kaduna maimakon ta ruga asibiti. Ki ba su lambar asibitin. Abokan aiki su ne za ki ci gaba da zumunci da su. Hotunan yara da takardun gwaji da ke wayarki ki goge su, kuma kada fuskar ɗan wani ta hau Facebook ba da izinin iyayensa ba.

Batun karatun yaron, alkawari kaya ne. Ki lissafa kuɗin da dalasi, kuɗin Gambiya, har zuwa gama makarantar, ki juya shi zuwa naira, ki tuna alawus ɗinki ya kusa tsayawa. In ba za ki iya ba, ki faɗa mata yanzu cikin taushi, ya fi "za mu gani" da za ta riƙe shekara da shekaru. In za ki iya, ki riƙa biyan makarantar kai tsaye. Kuma kada ki ce za ki dawo sai da dalili a hannu.

Ki zaga neman yafiya kwana biyu ko uku kafin tafiya, ki haɗa da masu shara, masu gadi da masu yi miki tafinta. Su aka fi mantawa, su ne kuma suka fi riƙewa. Kafin nan ki karɓi takardar shaidar aiki mai hatimi da kwanan wata, domin neman ta daga Kaduna wahala ce. Idan kin dawo, ki yi gwajin tarin fuka bayan mako 8 zuwa 10, tunda kin zauna da masu shi. Ana iya farawa daga asibitin Barau Dikko.

Tambaya: Ni ɗalibin likitanci ne daga Kawo. Mun yi aikin sa kai na mako biyu a Maraɗi, ranar tafiya mahaifin wani mara lafiya ya danƙa min kuɗi a ambulan. Na karɓa don kada ya ji kunya. Na yi daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, kunyar taka mun fahimce ta, amma kuɗi ba a karɓa. Yana sa sauran iyaye su ɗauka sai da shi ake samun kulawa, nauyin kuma ya faɗa kan ma'aikatan da kuka bari a can. Dabino, kilishi ko ƙwan zabi, wannan ka karɓa ka yi godiya, ku ci tare da 'yan ɗakin. Ambulan ɗin ka ba shugaban tawagarku ya mayar ta hannun wani dattijo a asibitin, a ce wa uban a saya wa yaro madara da shi.