Amsa: me ya sa curin taurari yake fitar da jela biyu?

Malam, ka tambaya dalilin da ya sa taurarin da suka kuɓuce daga curi, wato tarin taurari a dunƙule da ke kewaya tsakiyar galaksi, suke jeruwa gaba da bayansa, ba su watse ko'ina ba.

Ba ƙarfin jan galaksi (babban gungun taurarin da curin ke ciki) kaɗai ke yin aikin ba, bambancin jan ne. Ɓangaren curin da ke fuskantar tsakiyar galaksi ana jansa fiye da ɓangaren da ya ba ta baya, sai curin ya miƙe. Akwai iyakar da curi ke iya riƙe taurarinsa, kuma ana lissafa ta. Raba nauyin curin da ninki biyu na nauyin galaksin da ke cikin kewayensa, ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta sau uku za ta ba da wannan sakamako, sannan ka ninka da nisan curin daga tsakiya. Ɗauki curi mai nauyin rana sau 10,000, a nisan shekarar haske 60,000 (shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci a shekara guda), nauyin galaksi kuma rana biliyan 200. Iyakar za ta kama shekarar haske 175.

Ƙofa biyu taurari ke bi su fita, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. Wanda ya fita ta ciki kewayensa ya gajarta, sai ya riga curin yin gaba. Na waje kuma a bar shi a baya. Jela biyun ke nan.

Curin Palomar 5 ne misalin da ya fi fitowa fili. Masanin taurari Walter Baade ya gano shi a 1950, an ga jelarsa a 2001 cikin bayanan binciken sama na Sloan, tsawonta a sararin sama ya haura digiri 20. Taurarin da ke jelar, in an haɗa su jimilla, sun fi na cikin curin nauyi.

Inda ake yawan kuskure shi ne giɓi. Da an ga giɓi a jela, irin wanda bayanan Gaia, na'urar hangen taurari da aka harba sama, suka nuna a wata jelar taurari mai suna GD-1 a 2018, sai a ce dunƙulen abin nan marar haske da ake kira dark matter, wanda ba a gane shi sai ta ƙarfin jansa, ne ya ratsa. Yana iya yiwuwa, amma a yi hattara. Taurarin da suka fito suna tafiya ne da lilo, suna cunkushewa a wani wuri su yi ƙaranci a wani. Sandar taurarin da ke juyawa a tsakiyar galaksinmu ma tana iya yaga jelar Palomar 5. Sai an cire waɗannan, an kuma auna saurin taurarin da ke bakin giɓin, kafin a yanke hukunci.