Amsa ga mai son zama ɗan jaridar ƙwallon kwando

Ɗan'uwa, ka ce kana sha'awar kawo rahotannin manyan gasanni irin su NBA ta Amurka, kana tambaya ta ina ake farawa, kuma ko dole sai mutum ya taɓa buga wasan.

Ba dole ba ne. Abin nema shi ne ido mai karanta wasa. Kowa ya ga wanda ya jefa ƙwallo a raga, kai kuwa aikinka ka faɗi abin da ya sa masu tsaron baya suka bar shi shi kaɗai. Ka haddace dokoki tukuna: ana raba wasa kwata huɗu, kwata ɗaya minti 12 ne a NBA, minti 10 a gasannin FIBA (hukumar ƙwallon kwando ta duniya), kuma daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya ta yi jifa.

Aikin akwai wahala fa. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, kowacce wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, akasari da dare. Kana rubutu ana wasa, edita na jira, sai jifa ɗaya a daƙiƙar ƙarshe ta sa ka goge rabin labarin.

Ka fara da ƙananan gasanni, ka tara rubuce-rubucen da za ka nuna idan ka je neman katin 'yan jarida. Gasar BAL ta Afirka, da aka fara a Kigali a 2021, ta cancanci ka bibiye ta.

Inda sababbi ke zamewa shi ne yaɗa jita-jitar cinikin ɗan wasa ba tare da majiya ba, da barin son ƙungiya ya bayyana a rubutu. Batun rauni kuwa, tambayi likitan wasanni, kada ka yi hasashe. Kafin ka ɗora bidiyon wasa ko ka sa hannu a kwantiragi, ka nemi lauya.