Me Bakatsine zai tsinta a labarin ma'aikatan jirgin ruwa?

Malam, ka tambaya me ke jan mutum ga littattafan da ma'aikatan jiragen ruwan dakon kaya ke rubutawa kan rayuwarsu, alhali mu a Katsina ruwan da muka sani bai wuce dam ɗin Jibiya da na Zobe ba. Ai labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Fatauci ne, irin na kakanninmu da ke tafiya Gwanja sayen goro, a yi watanni ba a ji ɗuriyarsu ba.

Ni daɗin a ƙananan abubuwa nake samunsa. Awa 4 kana bakin aiki, awa 8 kana hutu, dare da rana, ba Juma'a ba Lahadi. Kuku ya jiƙa ƙyallen tebur don kada faranti ya zame idan teku ta tashi. Wasiƙar gida tana jiranka a tashar gaba, ka buɗe ka tarar an yi haihuwa, an yi suna, har an gama wankan jego.

Ga kuma tarihi. Gyaɗar da aka noma a Arewa jirgin ƙasa ke kai ta Apapa, jiragen ruwan kamfanin Birtaniya mai suna Elder Dempster su wuce da ita Ingila. Najeriya ta kafa nata kamfanin jiragen ruwa, mai suna NNSL, a 1959, aka rushe shi a 1995. Da aka rufe mashigin Suwez a 1967 kuwa, jirage 15 suka maƙale ciki sai 1975.

In za ka fara, nemi wanda ƙaramin ma'aikaci ya rubuta, kamar mai aikin ɗakin inji. Na kyaftin-kyaftin sukan cika yabon kai.