Ina cikin coci tun yarinta amma ji nake na tsaya wuri ɗaya, in canza ne?

Tambaya: Baba Fasto barka da aiki. Ina cikin Zumuntar Mata, addu'ar safe bata wuce ni, amma kwanakin nan ji nake na bushe. Ƙawata tace sabo ne ya ɗaure ni, wai in zo cocinsu akwai annabin da yake faɗa wa mutum nufin Allah. Ya zan gane bishewar Ubangiji?

Amsa: Sannu 'yata, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Kada ki yar da addu'ar safen nan don wani ya kira ta sabo. Yesu ma ya saba shiga majami'a ran Asabar (Luka 4:16), Daniyel kuma sau uku yake durƙusawa kullum.

Amma ƙawarki ta taɓo wani abu. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 10. Bitrus yana Yafa gidan Saminu majemi, ya hau soro da tsakar rana zai yi addu'a, ga yunwa, nan ne fa wahayin ya same shi, aka sauko masa da dabbobin da Shari'ar Musa ta hana aka ce ya yanka ya ci, shi kuma ya ce sam bai taɓa ba, har sau uku. Yana cikin tunanin abin sai ga mutum uku a ƙofa daga Karniliyus, hafsan sojan Roma a Kaisariya, mutumin da Bayahude ba ya shiga gidansa. Kin gani ko, a wurin addu'a Allah ya same shi, abin da ya karya kuma ƙyamar da Bitrus ya tashi da ita ne. Abin da ya fi damuna da mu ke nan, muna neman sabon waƙa da sabon fasto alhali akwai gidan da ƙafarmu ta ƙi takawa, na facalar da kuka yi shekaru ba kwa magana, ko matar nan ta wata ƙabila da ke zama a bencin baya ba mai gaishe ta, ko maƙwabciya Musulma da ta yi rashi ba a je ta'aziyya ba.

Kuma ba sauƙi. Da Bitrus ya koma Urushalima 'yan'uwa suka tasa shi gaba da tuhuma, daga baya a Antakiya ma ya ja da baya ya daina ci tare da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sai da Bulus ya tsawata masa a fili (Galatiyawa 2). To in kin ga kina ci gaba kina zamewa kar ki ce Allah ya bar ki.

Maganar annabi kuwa, ki yi hattara. 1 Yohanna 4:1 ta ce a gwada ruhohi. Mutanen Biriya har wa'azin Bulus sai da suka auna da Littattafai kowace rana, balle na wani. Duk abin da aka ce miki daga Allah ne ki duba ko ya yi daidai da Littafi Mai Tsarki, yana kai ki ga ƙauna da haƙuri da kamun kai irin na Galatiyawa 5:22-23, ko tsoro yake sa miki ana cewa ki kawo kuɗi yau yau. Wanda ya ce kar ki faɗa wa kowa, gudu. Bitrus ma ɗan'uwa shida ya tafi da su gidan Karniliyus.

A satin nan bayan addu'a ki yi shiru kaɗan ki tambayi Ubangiji wa kike gujewa, in suna ya zo miki ki tashi ki je. Ki samu wata uwa a zumunta da kika yarda da ita ki faɗa mata halin da kike ciki. In kuma bushewar ta haɗa da rashin barci, rashin cin abinci da yawan kuka, don Allah ki ga likita, ki ci gaba da addu'arki.