Amsa: Wace Hausa ce ta fi daɗin ji?

Malam, ka tambayi Hausar wane gari ta fi jan hankalin mutane. In ana maganar yawan masoya, Kananci ne a gaba, don shi kunne ya saba da shi a fina-finan Kano da rediyo, har samarinmu na Zinder suna kwaikwayo.

Amma wallahi ni Damagaranci ya fi min. Ka zauna wajen dattawan Birni, kusa da fadar Sarki, ka ji gaisuwa. Ba gaggawa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, ga wani lanƙwasa da zama da Barebari ya bari a harshen. Sakkwatanci ma akwai nauyi, musamman a bakin makaɗan fada. Abin da ke damuna shi ne yaranmu da ke jin kunyar nasu in sun sauka Kano.